Wa Ya Ciyar da Malamanmu? Tarihin Hubusi da Tallafin Masu Neman Ilimi Daga Bagadaza Zuwa Mafara

  

Ya 'yan uwa, an saba a cikin wannan ɗan littafi na taronmu na shekara a kawo tarihin waliyyai da karamominsu, kuma hakan alheri ne. A bana na so in ɗauko wani gefe na tarihin nasu wanda ba a cika karanta shi a majalisi ba. Kowane malami daga cikin malamanmu yana da silsilar waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu, yana iya jero su ɗaya bayan ɗaya har zuwa mawallafin littafi. Amma da wuya ka ga wanda ya rubuta silsilar waɗanda suka ciyar da shi a shekarun neman karatun, alhali mai jin yunwa ba ya haddace Alfiyya, mai tunanin kuɗin haya kuma ba ya warware mas'alar gado. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne yanzu jami'a ta zo har ƙofar gidanmu a Talata Mafara, kuma 'ya'yan muridai da yawa suna samun gurbin karatu su kasa shiga, ko su shiga su kasa gamawa, saboda abin da bai kai kuɗin ragon layya biyu ba.

Bagadaza

Mu fara da mai taron. An haifi Shehu Abdulƙadir a ƙasar Jilan a shekara ta 470 bayan Hijira, ya shiga Bagadaza neman ilimi a 488, wato 1095 Miladiyya, yana ɗan shekara 18. Kowane yaro a zawiyya ya san labarin dinari 40 da mahaifiyarsa ta ɗinke masa cikin riga, da yadda ya faɗa wa 'yan fashi gaskiya har suka tuba a hannunsa. Mukan tsaya a kan darasin gaskiya, mu wuce wani abu da ke gabansa: wannan dinari 40 rabin gadon da mahaifinsa ya bari ne, kuma tsohuwa ce ta ɗauke shi ta sa a hanyar ilimi, ta sallama ɗanta tana sane da cewa da wuya ta sake ganinsa. Ita ce ta farko a silsilar masu ciyarwa.

Kuɗin ba su daɗe ba. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa ya yi shekaru cikin matsanancin rashi, har yakan bi gaɓar kogi yana tsintar ganyayen da masu lambu suka zubar. Sun kuma ruwaito cewa ɗaliban fiƙihu na Bagadaza a wancan zamani sukan fita ƙauyuka lokacin girbi su roƙi hatsi, kamar dai yadda almajiranmu suke yi da kaka. Shehu ya bi su sau ɗaya zuwa Ba'aƙuba, wani salihin bawa ya gan shi ya yi masa nasiha cewa mai neman Allah ba ya miƙa hannu ga mutane, daga nan bai sake fita ba. Wannan riwaya ta cancanci a dinga karanta ta ga masu cewa bara wani sharaɗi ne na albarkar karatu.

Lokacin da ya zauna karantarwa, makarantar malaminsa Abu Sa'idul Mukharrimi da ke unguwar Babul Azaj aka ba shi. Jama'a suka yi mata yawa, aka ƙudurta faɗaɗa ta, aka kammala a shekara ta 528 Hijiriyya. Abin lura shi ne yadda aka yi aikin. A cikin garin akwai makarantar Nizamiyya wadda wazirin daula Nizamul Mulki ya gina, aka buɗe a 1067, aka yi mata wakafai masu yawa, Imamu Gazali ma ya karantar a cikinta. Makarantar Shehu kuwa mawadata suka kawo dukiya, talakawa suka kawo ƙarfinsu. An ruwaito cewa wata mata matalauciya ta zo da mijinta lebura, ta ce tana bin sa sadakin dinari 20, ta yafe masa rabi bisa sharaɗin ya yi aikin ginin makarantar da sauran rabin. Yau ba a ma tabbatar da takamaiman wurin da Nizamiyya take ba, makarantar Babul Azaj kuwa tana nan, da ɗakin littattafanta da wakafanta da tukunyar ciyar da baƙi, shekara kusan 900. Ban ce dukiyar waziri ba ta da lada ba. Na dai ga wadda ta fi daɗewa.

Alƙahira

Kada a ce wannan al'adar Larabawa ce kawai. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambaci wata makarantar Malikiyya a tsohon birnin Masar mai suna Makarantar Ibnu Rashiƙ. Mutanen Kanem ne da suka biyo hanyar aikin Hajji a shekarun 640 na Hijira, wajen 1240 zuwa 1250 Miladiyya, suka tara kuɗi suka damƙa wa Alƙali Alamuddini ɗan Rashiƙ, ya gina ta ya kuma karantar a ciki, suka ci gaba da aiko mata da kuɗi daga gida a mafi yawan shekaru. A dubi nisan da ke tsakanin Tafkin Chadi da Kogin Nilu, a kan raƙumi, sannan a tuna mu yau da waya muke aika kuɗi. Daga baya aka samu ruwaƙin Barnawa a cikin masallacin Azhar, wato sashen da ɗaliban ƙasashenmu suke sauka, a ba su wurin kwana da rabon gurasa daga wakafi. Azhar kanta, da Ƙarawiyyin ta birnin Fas wadda Fatima Fihriyya ta assasa a 859 da gadon mahaifinta, da wakafi suka rayu ƙarni bayan ƙarni.

Akwai kuma wani Bakatsine da ya kamata ɗalibanmu na lissafi su san sunansa, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya yi talifi a kan ilimin aufaƙi, wato jera lambobi cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, abin da masana lissafi na duniya suke nazari har yanzu. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasanul Jabarti wanda ya sauke shi ya ɗauki nauyinsa, shi kuma ya bar masa littattafansa. Abin da ake kira tallafin bincike a jami'o'in yau asalinsa bai wuce wannan ba: a samu mai hali ya ɗauke wa mai tunani nauyin ci da kwana, ya bar shi da alƙalaminsa.

Faru da Magami

Mu dawo gida. Ƙasarmu ta Zamfara tana da kaso babba a cikin karatun Shehu Usmanu, ko da yake ba mu cika tinƙaho da shi ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya faɗi cewa sun zauna a Zamfara wajen shekara biyar suna kira zuwa ga addini. A Faru, cikin ƙasar Maradun ta yau, Shehu ya zauna, kuma a wannan tsakanin, wajen 1786, ya saurari Sahihul Buhari a wurin kawunsa Malam Muhammadu ɗan Raji wanda ya dawo daga Hijaz da ijaza. Cikin malamansa na tafsiri akwai Malam Hashimu Bazamfare. Sannan a Matuzgi, nan bayan garinmu, sahibinsa Malam Muhammadu Tukur ya zauna, waliyyin da ya haɗa ilimin asirran sunayen Allah da ilimin magani, ya yi talifi a kansu.

To, wa ya ciyar da wannan jama'a shekara biyar? Malamai ne da iyalansu da ɗalibai masu yawa, baƙi a ƙasar da ba tasu ba. Littattafai ba su kawo sunayen masu ciyarwar ba, amma tsarin sananne ne domin mun taras da shi da idonmu. Manomi ya fitar da dami ɗaya cikin goma ya kai gidan malam. Makiyayi ya kawo nono da ɗan akuya. Kowane gida akwai akushin almajiri, uwar gida ta san yaronta, ta san lokacin zuwansa, in bai zo ba ta aika a duba ko lafiya. Manyan ɗalibai su yi wa malam noma da damina, su yi ɗinkin hula da rubutun littattafai da rani. Bayan jihadi ma 'yan taru da suke zuwa wurin Nana Asma'u daga ƙauyuka ba su zuwa hannu rabbana, sukan riƙo hatsi da zuma da man shanu da sawaye, ita kuma ta rarraba ga mabuƙata. Jami'a ce babba wadda ba ta da bango, kuma kakanninmu mata su ne ma'ajinta.

Wannan ne ya sa abin da ya faru a Magami ya yiwu. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya raba musu kyauta, ya keɓe wa Shehu zinariya misƙali 500. Shehu bai karɓa ba. Ya nemi a musanya masa da abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Mukan karanta wannan a babin zuhudun Shehu, kuma zuhudu ne. Amma a ganina akwai wani abu tare da shi. Malaman da suka karɓi kyautar a ranar ba dukansu ne miyagu ba, wasunsu ba su da wata madogara sai fada, wanda kuwa abincinsa ke hannun sarki harshensa ma yana can. Shehu ya iya mayar da zinariya domin akwai dubban akusa a bayansa. Da mutanen Faru da kewaye sun riƙe hannunsu, da an rasa bakin da zai roƙa wa fursunoni da talakawa a gaban Bawa. Duk wanda ya ba malami ko ɗalibi abin da zai wadatu daga ƙofar masu mulki, to, 'yancin faɗar gaskiya ya saya wa al'umma, ko ya sani ko bai sani ba.

Bayan kafuwar daula, baitulmali ya ɗauki wani ɓangare na nauyin malamai da ɗalibai, kuma shugabannin kansu masu bincike ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a kan ciwon ido da basur da amfanin filasko. Lokacin da Baturen nan Kilafatan ya komo Sakkwato a tafiyarsa ta biyu, wadda ya rasu a cikinta a 1827, cikin tsarabarsa akwai littafin Uƙlidis na ilimin handasa da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, ya ce suna da kwafinsa amma gobara ta cinye. Wanda ke ganin karatun injiniya ko likitanci baƙon abu ne ga gidan Shehu, ya sake duba tarihi.

Inda muka yi rauni

Duk da wannan karamci, akwai abin da ba mu yi ba, wanda mutanen Bagadaza da Fas da Alƙahira suka yi. Ba mu mayar da kyauta ta zama hubusi rubutacce ba, sai kaɗan. Malamanmu sun karanta babin hubusi a Risala da Muhtasar, sun san labarin gonar Sayyidina Umar ta Haibara wadda Annabi (S.A.W) ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Amma a aikace hubusinmu ya tsaya ga masallaci da rijiya da maƙabarta da 'yan littattafai. Dalilin a fili yake. A birane irin Alƙahira kanti da gidan haya su ne dukiya, mu kuwa ƙasa tana da yalwa a lokacin, wanda ya sare daji ya samu gona, abin da ke da tsada shi ne hannun da zai noma ta. Saboda haka sadakarmu ta zama ta shekara-shekara, daga rumbu zuwa baki. Tana tafiya daidai muddin damina ta yi kyau kuma mai bayarwa yana raye. In fari ya zo, ko attajiri ya rasu magada suka raba, sai makaranta ta watse. Garuruwa nawa ne a ƙasar nan ake nuna maka kango a ce nan gidan malam wane ne, ɗalibansa sun fi ɗari?

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, baitulmali ya koma taskar En'e, aka ɗauki nauyin makarantun boko da kuɗin haraji, aka bar makarantun allo da na zaure da akushinsu. Daga nan zukatan mutanenmu suka rabu biyu a kan wannan al'amari, kuma har yau ba su haɗu ba: karatun addini na sadaka ne, karatun boko na gwamnati ne. Aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kafa ta Sakkwato a 1975 wadda aka sa wa sunan Shehu a 1988, duk da kuɗin hukuma, ɗalibi yana cin abinci kusan kyauta, jiha tana ba shi alawus. Iyayenmu suka saba da haka, ba wanda ya yi tunanin ɗan jami'a ma almajiri ne.

A cikin wannan zamani akwai wani bayarwa da ba na kuɗi ba wanda ya kamata a ambata. Wazirin Sakkwato Junaidu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1997, ya buɗe taskar littattafan gidansu ga masu bincike. A cikinta wani saurayi Bature, Murray Last, ya zauna ya karanta wasiƙu da talifan mutanen jihadi, ya samu digirin dakta a Jami'ar Ibadan a 1964, littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, ya sauya yadda jami'o'in duniya suke kallon tarihinmu. Da Waziri ya kulle ɗakin nan kamar yadda wasunmu suke kulle adakar kakanninsu har gara ta cinye, da an ci gaba da karanta tarihin Shehu daga rahoton razdan.

Zamanin da muke ciki

Yau hukuma ba ta iya ɗaukar abin da ta ɗauka jiya. Akwai asusun TETFund, wanda asalinsa dokar harajin ilimi ce ta 1993, yana yi wa manyan makarantu gine-gine yana tura malamansu ƙaro karatu. A 2024 an fara ba ɗalibai bashi marar ruwa ta asusun NELFUND, amma bashi sunansa bashi, kuma maraya ɗan ƙauye yakan ji tsoronsa. Tallafin jiha kuwa yana bin sauyin gwamnati. Manyan attajiran Arewa sun taɓuka: Alhaji Aliko Dangote ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci wadda aka buɗe a 2018, ya gina wa ta Zariya ɗakunan kwanan ɗalibai, gidauniyar Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u ta ba Jami'ar Ahmadu Bello naira biliyan 1 a 2021. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai mafi yawan irin wannan kyauta gini ne, kuma a manyan birane. Gini yana da allon da ake rubuta suna, kuɗin rajistar yarinya daga Jangebe ba shi da allo. Misalin da ya fi kusa da irin namu shi ne na Katsinawa, waɗanda suka haɗa hannu a ƙarƙashin gidauniyarsu ta Musulunci suka kafa jami'ar da ake kira Al-Qalam a 2005.

A nan gida muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tun 1992, da Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a garin nan a 2018, da kwalejin aikin gona a Bakura, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba 1999 an kafa Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, tana cikin na farko a Nijeriya. Ke nan makarantu sun samu, doka ma ta samu. Abin da ya rage shi ne mu.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya ga kuɗin makaranta. Bincike ma buƙatarmu ce, mun kuwa ɗanɗana rashinsa. An kammala madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, aka tada garuruwa da ƙauyuka a ƙasar Maradun, manoma suka nemi diyyarsu, a watan Afrilu 1980 aka zubar da jini, hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka faɗi ɗaruruwa. Waɗanda suka bi fadamun da ke ƙasa da madatsar suka auna asarar shinkafa da kifi da aka yi, suka rubuta ta yadda duniya za ta karanta, akwai William Adams na ƙasar Ingila a cikinsu. Mun gode musu. Amma gonakin na iyayenmu ne. Haka a 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan ƙananan kaburbura kafin a gano musabbabin, an daɗe ana cewa zazzaɓi ne ko iskoki. Ɗalibi ɗaya mai nazarin ƙasa da ruwa, da ɗan abin gwaji da kuɗin mota, zai iya zama sanadin tsirar ƙauye. Kuma darasin Magami yana nan: mai binciken da kamfanin haƙar ma'adinai ko mai riƙe da mulki ya biya, da wuya ya faɗi abin da zai ɓata musu rai.

Sannan ga halin tsaro. A watan Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a cikin wannan ƙaramar hukuma tamu, Allah Ya kuɓutar da su bayan 'yan kwanaki. A shekarar nan aka taɓa kwalejin Bakura da makarantar Kaya ta Maradun. Sa'o'in waɗannan yara yanzu shekarunsu na shiga jami'a ne. Iyaye da yawa sun sayar da shanu da gonaki wajen fansar 'yan uwa, wasu sun baro ƙauyukansu suna zaune a gefen gari. Yaron da ya jure duk wannan ya ci jarrabawa, sannan a ce kuɗin rajista ya mayar da shi gida, wannan abin kunya ne ga duk mai rumbu a cikinmu.

Abin da fiƙihu ya ba mu dama

Tambayar da 'yan uwa suka fi yi ita ce ko zakka tana halatta ga ɗan jami'a. In matalauci ne, tana halatta da sunan talaucinsa, a mallaka masa ita a hannunsa, ya biya kuɗin makaranta ko ya ci abinci, kuma karatun likita ko aikin gona ba ya hana shi, domin farilla ce ta kifaya a kan al'umma. Amma a mazhabarmu ba a gina ɗakin karatu ko a sayi na'urar gwaji da zakka, ba a kuma ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka. Nan ne hubusi yake shigowa, kuma Malikiyya sun fi kowa sauƙaƙa shi. Ya halatta a yi hubusin abin da ake ɗauka, kamar littattafai da dabbobi. Ya halatta a yi shi na ƙayyadadden lokaci, mutum ya ce amfanin shagona na shekara biyar na ɗalibai ne, bayan nan ya dawo gare ni. Ya halatta a tsare kuɗi domin a dinga ba da rance, wanda ya gama ya samu aiki ya mayar, a ba na bayansa. Ba sai mai gidan bene ba. Mai mangwaro uku a lambu yana iya tsare ɗaya.

Sharaɗin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne hauzi, wato a fitar da abin daga hannun mai shi a damƙa wa nazirin da zai kula da shi tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kafin bashi ya kewaye dukiyarsa. Na san wani dattijo mai son alheri da ya sha faɗa a majalisi cewa gonarsa ta bakin gulbi ta almajirai ce, amma ya ci gaba da noma ta da kansa, bai rubuta ba, bai kafa shaidu ba. Ranar da ya rasu ta shiga gado, kuma alƙali bai yi zalunci ba, hukuncin ke nan. Wanda ya jinkirta har ciwon ajali ya kama shi, ba shi da iko sai a kan sulusi.

Saboda haka abin da nake roƙon muƙaddamai da halifofi su duba a zaman da za a yi bayan taro abu ne mai sauƙi. Kowace zawiyya daga Mafara zuwa Bakura da Maradun ta samu asali guda da za ta tsare, ko fegi a cikin noman rani na Bakalori, ko shago a kasuwar Talata, ko 'yan tumaki a hannun amintaccen makiyayi. A rubuta takarda a gaban alƙali, a sanar da Hukumar Zakka da Wakafi, a bayyana a cikin takardar wa za a ba da kuma yadda za a zaɓe shi, domin kada ya koma na 'ya'yan manya. A ware wa 'ya'ya mata kasonsu da suna, in ba haka ba za a manta da su. A ware wani kaso ko ƙanƙane ne ga mai binciken da zai yi aiki a kan ruwanmu da ƙasarmu da cututtukanmu, ko a kan rubuce-rubucen Malam Tukur da ire-irensa da ke cikin adakoki. Nazirai su zama uku, ɗaya daga cikinsu ya iya lissafin zamani, kuma kada malamin zawiyya ya riƙe kuɗi da hannunsa, domin a tsare masa mutuncinsa. In shekara ta kewayo, a buga abin da ya shigo da abin da ya fita da adadin ɗaliban da aka ɗauka a cikin wannan littafi na taro, a shafin da ke bin jadawalin masu wa'azi.